Ruwan Tabar Inna

Kangon bayan gidanmu na Ƙofar Guga yau shaguna ne a jere. An zuba siminti har bakin rijiya, ita ma rijiyar an yi mata murfin ƙarfe an danna kwaɗo. Kwanan baya jikata ta cika tsofaffin buhuna da ƙasa ta jera jikin katanga ta dasa tumatir da attarugu, wai haka ake noman gida yanzu. Da ganye ya fara canza kama sai ga ta da wata kwalba daga kasuwa, ba ta tambayi kowa ba, ba ta ko juya ganyen ta duba bayansa ba, za ta hau feshi. Na ce ta ajiye. Na sa tabarau na karanta abin da ke jikin kwalbar, don ni ma ina karatu yanzu, ko da yake sai da na aurar da 'ya'ya sannan na shiga ajin matan aure. Rubutun ya ce tana kashe kowane ƙwaro, tana maganin kowace cuta. Ni kuwa duk abin da aka ce yana maganin komai ban yarda da shi ba, kwalba ce ko mutum. Ban kuma yarda da mai saurin gane mai laifi ba. Dalilina yana cikin kangon nan da aka binne da siminti.

Lokacin da aka kawo ni gidan, kangon lambu ne na uwar mijina, wadda kowa a unguwa ke kira Inna. Abin da ke tashe ni da safe ba zakara ba ne, ƙarar guga ce in ta bugi ruwa a ƙasan rijiya, sai kukan igiya a jikin itacen da ta riga ta yi wa zanen gurbi. Daga nan sai ban ruwa, fangali bayan fangali, ƙafa cikin taɓo, zani a ɗaure sama da gwiwa. Warin ganyen tumatir yana kama hannu ya wuni, ko an wanke. Akwai tattasai, akwai attarugu, akwai ɗan barkonon nan mai tsini, ga gauta a gefe. Can kusurwa kuma Inna na da tabarta, 'yan gindi kaɗan, don fure da gari. Ba ta rabuwa da batta a ƙugu. In ta ci goro ta goga fure, haƙoranta su yi jawur, sannan ta ɗebi garin taba da yatsu ta cusa a kunci, ta karkaɗe hannu a zani ta shiga lambu.

Ita ta koya mini duba shuka, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai ta ba. Takan ce saman ganye ado ne, maganar tana baya. In kin ga tururuwa na hawa da sauka a jikin attarugu, ba gaisuwa ta zo yi ba, ki juya sabon toho za ki tarar da ƙananan ƙwarin nan, darɓa, sun taru sun yi cincirindo, ganyen yana danƙo kamar an zuba zuma. In kin girgiza reshe wani farin abu ya tashi kamar gari, ƙananan fararen ƙudaje ne, su ke sa ganye ya nannaɗe. In tumatir ya yi huda kusa da hanci, ga ɗan baƙin kashi a bakin ramin, tsutsa ce, a tsinke shi a binne, kada a jefar a nan ta fito ta shiga na gaba. In kuwa gindin tumatir ne ya yi baƙi ya lotsa, to babu ƙwaron da za a ɗora wa, laifin mai guga ne, ta ba da ruwa yau ta yi ƙiwa gobe. Wannan ni ake nufi, kuma a gaban mutane take faɗa. Shukar da ke yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, a tuge ta, za a ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, wannan wuri sai a bar shi ya huta. Magani kuwa toka ce a barbaɗa da sanyin safiya, ko a daka ganyen bedi, wato dogon yaro, a jiƙa ya kwana, a tace, a narka ɗan sabulun salo a ciki, a tsoma tsintsiya ana yarfawa ta ƙarƙashin ganye. In abu ya gagara sai babban magani, ruwan taba. Inna ce kaɗai ke haɗa shi, da ganyen tabarta.

Akwai wata al'ada kuma da 'yan yanzu ba su sani ba. Ba kowane hannu ke fara dashe ba. An yarda hannun Inna na da albarka, don haka ranar dashe ita ke cire iri daga wurin raino, ta yi bisimilla ta kafa layin farko, ta bi sauran tana daddanna gindinsu. Ba gidanmu kaɗai ba, maƙwabta ma aikowa suke yi a zo da ita. Ba a biyanta, sai goro. Amma abin da take taƙama da shi ke nan a duniya, fiye da 'ya'yan da ta haifa.

Shekarar da nake magana ita ce wadda soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Gari ya rikice da lasifika. Mota na wucewa tana yabon wani, ba a jima ba wata ta biyo tana zaginsa. Mutanen da suka tashi suna cin tuwo a akushi ɗaya suka koma kallon juna ta wutsiyar ido. Gidanmu na bayan jam'iyya ɗaya, mijina Malam har yana ɗinka musu tutoci a kekensa. A sashen gidan da ke jingine da lambu kuwa akwai wata mata da muka ba haya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata ƙanana, tana tuyar waina tana kaiwa gidaje. 'Yar Jibiya ake ce mata, don daga can aka auro ta. Ƙanenta ya zo ya kafa tutar ɗaya jam'iyyar a bakin ƙofarta, ita ko sanin ma'anar launin ba ta yi ba. Tun daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarta da tsawo.

A wannan rani awaki suka shiga suka tattake tabar Inna, sai wani ɗan'uwanta ya kawo mata sabon irin taba daga fadamar ƙauyensu ta dasa. Darɓa kuma ta yi yawa a shekarar, har Inna ta fara yarfa ruwan taba tun iri na wurin raino. Aka yi dashe, shuka ta kama ta yi kore shar. Wata safiya 'Yar Jibiya ta zo ɗiban ruwa, don rijiya ɗaya muke sha, ta tsaya da tulu ta ce kai, tumatirin bana ya yi kyau. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce tubarkalla ba. Inna na tsugune a fangali, na ga bayanta ya sandare.

Ba a daɗe ba ganye ya fara wani abu da ba mu taɓa gani ba. Ba rawaya ba ce sosai, ba kuma ƙuna ba. Dabbare-dabbare ne, wani wuri kore mai duhu, wani wuri kore mai haske, kamar atamfar da ta koɗe a rana. Sabon toho ya riƙa fitowa a tsuke yana murɗewa, shuka ta tsaya cak ta ƙi tsawo, attarugu na zubar da fure. Muka juya ganye, babu ƙwaro. Muka tuge, saiwa lafiya lau, fara tas. Aka barbaɗa toka, aka yarfa bedi, Inna ta ƙara ƙarfin ruwan taba, abin sai gaba yake yi. Ni zargina ya fara sauka ne a kan irin da wani ɗan siyasa ya raba a 'yan takardu tare da gishiri da sabulu. Na ce wa Malam mutumin da bai taɓa gaishe mu ba sai da ya ga ƙuri'a, me zai hana ya ba mu ruɓaɓɓen iri? Malam ya ce in rufe baki, ɗan takararsu ne. Ban rufe ba, amma da na je na duba sai na ga irinmu na gida, wanda muke shanyawa a kan tsumma duk shekara, shi ma ya kamu. Dole na saki ɗan siyasa, ba don na yarda da shi ba.

Sai labari ya fara shigowa daga maƙwabta. Gidan nan ya kamu, wancan ya kamu. Wata cikin matan unguwa ta zauna a tsakar gidanmu tana lissafa gidajen da yatsa, ta ce ku duba, duk gidajen da 'Yar Jibiya ke shiga da waina ne. Wata ta ce ai dama mijinta ma ba a san abin da ya kashe shi ba. Wata ta ce 'yan waccan jam'iyyar ba abin da ba za su iya ba. Daga kambun baka magana ta fara gangarawa zuwa kalmar da ta fi shi muni, wadda in ta manne wa mace a cikin birni ba ta fita har jikokinta. Aka rataya tsohon takalmi da fasasshiyar ƙwarya a bakin lambu. Wainar 'Yar Jibiya ta fara komawa gida a cikin kwano yadda ta fita. Uwaye suka hana 'ya'yansu wasa da 'yan matanta. Sannan Inna ta sa Malam ya gaya mata ta nemi wani wuri kafin sabon wata ya tsaya. Mace ba miji, da yara, ga wannan suna a kanta, wa zai ba ta ɗaki a Katsina?

Ni dai abin bai zauna mini ba, ba don ina da tausayi fiye da kowa ba, sai don lissafin matar nan mai yatsu ya yi sauƙi da yawa. Da hantsi na zagaya sashen 'Yar Jibiya kamar zan ari rariya. Na tarar da ita tana ɗaure tukwane da tsumma. Ba ta ɗago ba ta ce, "Amarya, ke ma kin zo ki ga mayya?" Amarya take ce mini ko da yake ina da goyo a baya. Na ce rariya na zo ara. Ta ce in ɗauka in riƙe, ta rage mata kaya. Ina juyowa idona ya faɗa kan makwararin da take zubar da ruwan wanke-wanke. Wasu 'yan tumatir ne suka tsiro da kansu daga 'ya'yan da ke bin ruwan miya, ba wanda ya dasa, ba wanda ya kula. Ganyensu kore shar, ba ɗigo ko ɗaya. Na tambaye ta tun yaushe suke nan. Ta ce tun farkon rani, kullum tana kallonsu tana cewa sun yi kyau, da yake su ba su da uwar gida mai jin haushi.

Na fito ina saƙawa. Idon da ya ƙone lambun unguwa, ya kasa ƙone abin da yake kallo safe da yamma? Na koma lambu na tsaya bakin rijiya, na daina duba ganye ɗaya ɗaya, na kalli fangalin duka. Sai na ga cutar tana da hanya. Ta fi tsanani a layin farko, na bisimilla. Ta bi ta gefen da Inna ke bi in tana tsinke ƙananan rassa da farce. Gidajen da aka lissafa kuwa, gaskiya ne waina na shiga, amma su ne kuma gidajen da suka aiko aka tafi da Inna dashe. Na taka zuwa kusurwar taba, inda ba wanda ke dubawa don taba ba a cin 'ya'yanta. Manyan ganyen nan duk dabbare-dabbare ne, kore mai duhu da kore mai haske, zane ɗaya da na tumatir.

Na san abin da ke gabana. Surukar da ta gaya wa uwar miji cewa hannunta ne, a wancan zamani, ba ƙaramin abu ta taro ba. Amma wata ya kusa tsayawa. Bayan la'asar Inna na zaune a tabarma tana murza gari a batta, na zo da faifai na durƙusa na ajiye a gabanta. Ganye ne a kai, na tumatir, na attarugu, na taba, sai na makwararin 'Yar Jibiya a gefe shi kaɗai.

Ta ce, "Mi ne ne wanga, ke 'yar nan?"

Na ce, "Inna, ke kika ce mani a tambayi ganye kahin a tambayi mutum. Na tambaya."

Ta ɗauki na taba ta ɗaga shi ga haske, ta ɗauki na tumatir ta haɗa su. Ta daɗe. Sannan ta nuna mai lafiyar da haɓa ta ce wannan fa, na ce daga ƙofar ɗakin wadda za a kora ne. Ta ajiye su a hankali, ta ce, "Wato ni ce mayyar."

Na ce, "Ba ke ba ce, Inna. Tabar da aka kawo maki ce. Tana bin hannu, tana bin ruwan."

"Tun ba a haihi uwarki ba nike yarfa ruwan taba."

"Ba wagga tabar ba."

Ta ce in tashi in ba ta wuri. Da Malam ya dawo ta gaya masa matarsa ta zage ta har cikin ɗaki, ta ce hannunta na da dauɗa. Malam ya yi ta faɗa, ya ce in je in ba da haƙuri. Na je na durƙusa na ce ta yafe mini zafin bakina, amma ganye ban iya ba shi haƙuri ba, yana nan yadda yake. Kwanaki ba ta amsa gaisuwata, in na kai tuwo sai ta tura da ƙafa gefe. Matan unguwa suka samu sabon abin taunawa, wai 'Yar Jibiya ta shanye ni a waina. Ni kuma na ci gaba da sayen wainar, ina ci a bakin ƙofa inda za a gani.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Inna ta fi son lambu a kan girmanta. Wata safiya ina jan guga na hange ta a kusurwar taba tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya. Da rana ta yafa mayafi ta fita ba ta ce inda za ta ba. Daga baya na ji ta bi gidajen nan ne, har da wani gida a Ƙofar Marusa inda ta yi dashe amma waina ba ta taɓa zuwa ba, ta tarar nan ma ya kamu. Washegari ta ce in kawo fartanya. Ba ta yi mini bayani ba. Muka tuge komai, tumatir da attarugu da tattasai, ta ce kada a ba awaki, kada a zuba a juji. Da muka zo kan taba na tsaya, ta karɓi fartanyar ta sare ta da kanta. Muka tara muka cinna wuta, hayaƙin na sa mu tari, tana tsaye tana kallo har ya zama toka.

Aka gyara sabon wuri a ɗaya gefen rijiya, aka samo iri daga wani gida da cutar ba ta shiga ba. Ranar dashe mata suka taru kamar yadda aka saba, don a ga bisimillar Inna. Ta fito da sanda, ta zauna a kujera bakin lambu, ta ce bayanta ya riƙe ba ta iya sunkuyawa. Sannan ta ce in kira mata 'Yar Jibiya. Ta zo tana rarraba ido, a zatonta ranar tashi ce ta zo. Inna ta tura mata sabulun salo da buta da kan sanda.

"Wanke hannunki, ki kahwa mani layin hwarko."

'Yar Jibiya ta ce, "Ni, Inna? Da wanga idon nawa?"

Inna ta ce, "Da hannu aka dashe, ba da ido ba. Yi bisimilla, rana na yi."

'Yar Jibiya ta karɓi sabulun. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sunkuya ta kafa layin. Maganar tashi kuwa ba a sake ta da ita ba, wata ya tsaya ya wuce, ta kwance tukwanenta. Ba zan ce kowa ya dawo ba. Akwai matan da har suka mutu ba su sake cin wainarta ba, don mutum ya fi son zarginsa a kan gaskiyar wani. Ita kuma daga ranar duk lokacin da ta zo ɗiban ruwa sai ta tsaya bakin lambu ta ɗaga murya ta ce tubarkalla masha Allah, yadda har na zaure za su ji.

Shekaru da yawa bayan haka, a ajin matan aure, malamarmu ta kawo wani ɗan littafin noma muna koyon karatu da shi. Ina bin layi da yatsa sai na ci karo da maganar, cewa akwai cutar da ke tashi daga taba ta kama tumatir da barkono ta hannun mai aiki, ba ta da magani sai tugewa da ƙonawa da wanke hannu. Na yi dariya har aka juyo ana kallona. Ban yi bayani ba.

Na jikata kuwa da muka juya ganyen darɓa ce kawai, ga tururuwa na hawa da sauka. Na aike ta ta samo bedi, wanda yanzu sai an yi tafiya kafin a ga bishiyarsa. Ta tambaye ni wa ya koya mini, na ce kakar ubanta. Ban gaya mata sauran ba. Inna ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ba ta kuma iya barin taba ba, sai ta koma saye a kasuwa. Amma ta zaɓa tsakanin taba da taɓa shuka. Daga ranar dashen nan iyakarta kujerar bakin lambu, tana nuni da sanda, tana cewa juya wancan, tsinke wancan, gindin nan ya yi baƙi, laifin mai guga ne. In maƙwabta suka aiko a zo da ita sai ta ce baya ya hana. Ni da nake shafa mata man zafi na san bayan nan lafiyarsa lau. Har Allah Ya karɓi abinsa, hannun nan mai albarka yana naɗe a kan cinyarta, bai sake taɓa ganyen tumatir ba.